Hatsarin da ban yi ba

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Sani Direba, ɗan Zinder ne ni, amma shekarata goma sha ɗaya a unguwar Jurf, nan Madina.

Watan da ya wuce na je sabunta ta'amin, wato inshorar motata, sai na ga kuɗin ya kusa ninkawa. Na tambayi dalili, aka ce ai na buge wata mota a unguwar Aƙiƙ bara, har kamfani ya biya. Ni da ko kyanwa ban taɓa takawa ba! Da na faɗa wa uwargida, cewa ta yi: "Malam, ashe karo ka yi ka ɓoye mini?" Na rantse har na gaji.

Washegari na koma ofishinsu, na ce a nuna mini hotunan hatsarin. Ma'aikacin ya buɗe kwamfuta, sai ga farar motar ɗaukar kaya, ni kuwa tawa ƙarama ce baƙa. Ashe wajen shigar da lambar mota aka rubuta bakwai a madadin takwas. Ya kama dariya, ya ce: "Ma'alesh ya Hajji, yi haƙuri, kuskurenmu ne." Na rubuta ƙorafi, cikin mako guda suka goge hatsarin daga sunana, farashi ya dawo daidai.

'Yan'uwa direbobi, in kuɗin ta'amin ya tashi, kada ku biya kuna gunaguni. Ku ce a nuna muku hoto.

A gaishe mini da Malam Habu mai gyaran taya a Khalidiyya, da duk 'yan majalisar shayinmu.