Ba Ni Hawa Saman Kaya

Ranar kasuwar Jega, shekarar da aka yanke Jihar Kebbi, Magaji mai albasa yana zaune kan buhunansa a tasha. Motar Maiyama ta cika, saura saman kaya. Wani dogon mutum mai furfura ya ce shi zai jira ta gaba.

"Malam, ta gaba sai la'asar fa," in ji Magaji. "Hau mana. Ko tsoron bisa kake?"

"Ni? Jirgin yaƙi na tuƙa shekara da shekaru."

Magaji ya dubi takalmin robar mutumin. "Sojan Najeriya?"

"Da fari. Daga baya na koma na haya. Ƙasar da ta biya, ita nike yi ma aiki."

"To wanda ya tuƙa jirgi, mi ne ne saman mota?"

"Ba faɗuwa nike tsoro ba. Ba ni son ganin mutane ƙasa da ni. In na leƙo su, hannuna na dama sai ya matse da kansa, kamar zan saki bom."

Magaji ya gyara zama. "Su wa ka jefa ma?"

"Daga can ba a ganin fuska. Bariki da kasuwa duk rufi ne."

"Yanzu mi kake yi?"

"Noman gero, a Gumbin Kure. Ba ya albarka."

"Ƙasar ce ta gaji?"

"Ƙasa lafiya lau. Tsuntsaye ke sauka su cinye. In na ɗauki dutse, sai in aje."