Kunkunniyar da Ta Sa Aka Kira Surukata Mayya

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu, wanda ya bar ni da numfashi har na tsaya a gabanku yau. Fasto ya ce in taƙaita, ya kuma ce in ba da shaidar da murmushi. Ka gafarce ni, Fasto, murmushin ya ƙi zuwa. Godiya tana bakina, fushi ma yana nan, kuma duka biyun zan faɗa.

Don baƙin da ba su san ni ba, sunana Saratu, matar Yohanna, wanda kuke kira Baban Godiya. Muna haya a wani tsohon gida can bayan garin Wheaton, a nan ƙasar Turawa. A falon akwai murhun ƙarfe na itace, mai ƙofa, da bututun hayaƙi da ya bi bango ya fita ta rufi. Ran da muka tare, mai gidan ya ce a riƙa share bututun kafin sanyi ya shigo. Muka ce to. Yana fita Baban Godiya ya yi dariya, ya ce Bature bai san amfanin hayaƙi ba. A ƙauyenmu wa ya taɓa share kunkunniya? Ita ke hana gara cin jinka, a ƙarƙashinta ake rataye irin masara don kada ƙwaro ya taɓa shi. Ɗakin girkin da bai yi baƙi ba, ai ba a dafa komai a ciki. Haka muka tashi muka gani, haka muka bar bututun. Itace kuwa duk inda ya ga an sare bishiya a bakin titi sai ya loda a but ɗin mota, ɗanye shar, wani har da ƙaro a jiki, mu tura a murhu.

A watan Nuwamba na haifi 'yarmu Godiya. Uwata ta rasu tun ina budurwa, saboda haka surukata, Mama Ladi, ita ta taso tun daga Zonkwa don ta yi mini wankan jego. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga jirgi ba, ta ƙulle kanwa da daddawa a zane ta ƙetaro teku saboda ni.

Ta kuwa yi jegon yadda ake yinsa a gida. Ta shimfiɗa mini katifa kusa da murhu, ta ce mai jego ba ta shan sanyi. Ta bi tagogin falon ta cusa tsumma a kowace kafa. Wuta ba ta mutuwa. Da ta gano ɗan marfin da ke rage iskar murhun, sai ta riƙa rufe shi ruf don itace ya daɗe, kamar yadda ake binne garwashi a toka. Baban Godiya yana makaranta da rana, daga can ya wuce aiki, ba ya zama a gidan sai ya zo barci a sama.

Sai ciwon kai ya kama ni. Ba irin wanda kuka sani ba. Jiri, amai, ƙafafuna su ƙi ɗaukata, in riƙe jaririyata in rasa sunanta na ɗan lokaci. Aka kai ni asibiti, amma kafin layi ya zo kaina na wartsake, likita ya ce gajiyar haihuwa ce. Ran Lahadi in an lallaɓa an kawo ni sujada, sai in ji garau, har in yi waƙa. Ina komawa gida in sake zubewa.

A nan ne ikilisiyar nan ta fara lissafinta. Wai yaushe ciwon ya fara? Da tsohuwa ta zo. Wa ke lafiya lau a gidan? Tsohuwa. Me ya sa Saratu ke warkewa a ɗakin sujada? Don hannun tsohuwa ba ya kaiwa nan. Ba wanda ya lura cewa Mama ba ta zama wuri ɗaya. Tana waje tana faskare, tana shanya a cikin wannan sanyin, tana kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, da Godiya goye a bayanta. Ni kaɗai ce ke kwance a gindin murhu wuni zubur.

Akwai nas-nas a cikinku. Akwai masu digiri biyu. Ba wanda ya tambaye ni da me muke ɗumama gida, amma kowa ya san labarin wata mayya a garinsu. A zumuntar mata aka daina zama kusa da Mama. Ta kawo kunun gyaɗa ran bikin godiya, aka bar shi a kan tebur har ya yi sanyi, ta ɗauki kularta a cike ta koma mota. Wata 'yar'uwa ta ja ni gefe ta ce kada in ƙara cin abin da ya fito daga hannunta. Na ce mata matar nan ce ke wanke mini jiki. Ta ce ai shi ya sa. Wata kuma, ta san kanta, ta yi magana a kaset ta aika gida, har zancen ya isa Zonkwa. Can da nan ba ɗaya ba ne, kun sani sarai. A ƙauye in aka liƙa wa tsohuwa wannan suna, ko jikokinta ba za a bari su shiga ɗakinta ba, da shi za a binne ta.

Ran wata Asabar da rana dattawa suka zo gidanmu addu'a. Zan kira sunan Dattijo Markus kaɗai, don shi ya ba ni izini. Suka aiki Mama sama, suka rufe ƙofar falo, suka zauna kewaye da murhu. Kafin a fara suka gaya wa mijina a gabana ya nemi tikiti ya mai da uwarsa gida kafin ta gama da ni. Mijina ya sunkuyar da kai. Bai ce i ba, amma bai ce a'a ba, kuma wannan shirun har yau yana ci mini rai.

Aka daɗe ana addu'a. Can sai wani ya dafe goshi. Wani ya ce idonsa na juyawa. Dattijo Markus ya tashi zai ɗaga hannu, ya yi tangaɗi, ya yi amai a kan kafet ɗina. Maimakon wani ya buɗe taga, sai suka ƙara murya, wai ga ikon duhu ya fito fili yana yaƙi da bayin Allah.

Ban san inda na sami ƙarfi ba. Na ja jiki na buɗe ƙofa na fita tsakar gida ba takalmi, na durƙusa a cikin ƙanƙara. Ba addu'ar ladabi na yi ba, faɗa na yi. Na ce, "Ubangiji, ka ɗauke uwata ban ce komai ba. Ka ba ni wata, yanzu kuma mutanenka za su kore ta. In ita ce, nuna mini. In ba ita ba ce, nuna mini abin da ke kashe ni, yau ɗin nan."

Na ɗaga kai sama ina kuka, idona ya sauka a kan rufin gidanmu. Wuta na ci a ciki tun safe, amma bakin bututun ba hayaƙi, sai wani ɗan siriri da ƙyar yake fita. Wani baƙin abu kamar kwalta ya dalalo ta gefen bututun ya daskare. Gidan maƙwabcinmu kuwa hayaƙi na tashi sosai. Ko yarinyar ƙauye ta san in ana girki a ɗaki, jinka tana hayaƙi. To namu ina yake zuwa? Cikinmu yake zuwa!

Na koma na wangale ƙofa, na fizge tsummokaran tagogi, na ce kowa ya fita. Maƙwabcin ya gan mu a waje muna tangaɗi, ya kira 'yan kwana-kwana. A asibiti aka ɗebi jininmu, aka ce wata iska ce mai guba da ke fita daga wutar da ba ta samun mafita, ba ta da wari, ba ta da launi. Aka sa mini abin shaƙar iska, Dattijo Markus yana gadon da ke kusa da nawa. Likitar yara ta duba Godiya ta tambayi inda take wuni. Na ce a bayan kakarta, yawanci a waje, da dare kuma a sama take kwana wurin kakar. Ta ce in gode wa kakar, don da a gefena take kwana take wuni, da wata maganar ake yi.

Da mai share bututu ya zo, ya zura buroshinsa mai dogon sanda, kunkunniya ta riƙa zubowa gunduwa-gunduwa, har da tsohuwar sheƙar tsuntsu. Hanyar da ta rage wa hayaƙi ko hannun jariri ba zai shiga ba. Mayyarku ke nan, a cikin bokiti aka fitar da ita.

Duk mai murhun itace a nan, ka sa a share bututunka kowace shekara kafin sanyi. Ka ƙona busasshen itace. Kada ka shaƙe wuta, kada ka toshe kowace kafa ta iska. In mutum yana ciwo a gida yana warkewa a waje, ka fitar da shi ka duba gidan kafin ka dubi fuskar tsohuwa.

Na warke sarai, yabo ga Yesu! Ya amsa addu'ar da aka yi masa da faɗa, don haka kada ku ji tsoron kai masa abin da ke ranku yadda yake. Ku dogara gare shi, ku kuma buɗe idon da ya ba ku.

Amma Mama ta ji duk abin da aka faɗa ran Asabar ɗin, ashe a kan matakala take zaune. Ita da kanta ta ce a saya mata tikitin, ran Alhamis za ta tafi, garin da kaset ya riga ta isa. Na roƙe ta ta shigo yau ta ji shaidar nan. Ta ce, "'Yata, je ki gode wa Allah. Ni zan jira a mota, kada in hana mutane zama."

Tana can wajen ajiye motoci yanzu, da Godiya a cinyarta. Na zo da rikoda da sabon kaset. In an yi addu'ar rufewa, waɗanda suka san kansu su same ni a bakin motar, su faɗa da muryarsu, ta tafi da shi Zonkwa. Na gode wa Yesu da ya cece ni. Amin.