Hukuncin Mani da Gonar Shatu

Maigirma Maigari, Malam Liman maƙwabcinmu, dattawan jama'ar Almasihu, iyaye mata, da ku baƙin da kunka taho tun daga Dogon Kiriya, ina gaishe ku. Na gode da kunka ba ni, ni Sallau, bakin magana, ko da dai kun san bakina ba ya da linzami.

An tara mu bisa zancen Mani. Kowa ya san shi. Shi ne gardi, wato ɗan sandan Kumandan Nasara, wanda ya yi shekaru yana kama ɗiyanmu zuwa aikin dole, cikinsu har da Habu, ɗan Shatu tilo, wanda ya tahi fasa dutsin hanya bai komo ba. Yanzu an soke aikin dole, an tuɓe wa Mani jar hula, ya komo yana roƙon wurin zama. Wasu sun ce a kore shi.

Na farko, kada kowa ya ce mani abu ya wuce. Bai wuce ba! Ni ma raina ɓace yake. Allah Mai Tsarki ne, ba ya kallon zalunci ya kau da kai. Annabi Ishaya ya yi shelar kaito ga masu danne gwauruwa da maraya, kuma shelar ba ta tsaya ƙasar Yahuda ba. Ta kai Dogon Dutsi, ta kai ofishin da anka ba Mani bulala. Abin da mutum ya shuka shi zai girba.

Na biyu, ku manoma ne, ku ba ni amsa. In kun yi sassabe kun sa wuta, gonar kuke ƙi, ko ƙayar? Sabarar da kunka sare, ba ta tohowa daga kututture? Haka annabin ya ga hukuncin Ubangiji: ana sare itace, ana barin kututture, daga nan sabon rai ke fitowa. Wutar Allah tana cin mugunta don ƙasa ta noma.

Na ukku, tuban baki ba ya cika rumbu. Damina ta ƙarato, gonar Shatu kuwa ta koma daji tun ranar da anka tahi da Habu. In Mani zai zauna, ya nome ta, bana da baɗi da duk shekarar da Shatu ke numfashi.

Na kai wa Shatu wannan magana ina jin tsoro, don ita ke da ciwon. Ta ce: "Malam, ban yafe ba tukuna. Amma hauyar Habu tana rataye ɗaka. Ya zo ya ɗauka."

To jama'a, wa ke gare mu da zai kori wanda Shatu ta ba hauya?

Allah Mai Tsarki ya sanyaya zuciyar Shatu, ya ƙarfafa hannun Mani, ya ba mu damina mai albarka, ya maida kowa gida lahiya. Na gode.