Ƙarƙashin Kofaton Dokin

A tashar motar garin Cusco, wata dattijuwa rungume da babban zanen hoton wani waliyyi ta zauna kusa da wani matafiyi. Ya dubi zanen.

"Mamita, wannan waliyyin naki ya sha wanka."

"Wankan ne ya jawo min, ɗana. Daga Sifen aka zano shi, lokacin da suke mana mulkin mallaka, Bature bisa farin doki. Tun zamanin kakata Eulogia muke kunna masa kyandir. Hayaƙi ya baƙanta ƙasan zanen, na kai aka goge. Dubi ƙarƙashin kofaton."

Ya sunkuya. "Kai! Ashe mutane yake tattakawa! Wannan ma bargonsa irin na ƙauyenmu ne."

"Ga wani mai ƙaton hanci, sak mijina. Mu kuwa kowace shekara sai mun yi masa biki, muna roƙon Allah ya ƙara wa dokin ƙarfi."

Ya fara dariya, sai ya tsaya. "Akwai irinsa a ɗakin mahaifiyata. Nata har yanzu baƙi ne."

"To kar ka kuskura ka goge."

"Ke fa, jefar da shi za ki yi?"

"In jefar da waliyyi? Gida zan mai da shi, in ci gaba da kunna kyandir. Nan da shekara goma hayaƙi ya sake rufe mu."