Da hannuna na ɗinka tarun gidan sauro

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni mai bandar kifi ce a Kontagora, maigidana kuma masunci ne a wani tafki ta hanyar Ibeto.

Shekarun baya da kifi ya fara ƙaranci, ya kawo gidajen sauro uku ya ce, "Hauwa'u, haɗa mini su, yanzu kowa da shi yake kamu." Na sa allura na ɗinke su tsaf, har ina yaba ɗinkina. Tarun nan ba ya barin komai, har ƴaƴan tarwaɗa da ba su kai ɗan yatsa ba. Na soya su, na sayar.

Bana ruwa ya cika ya janye, murhun bandata bai ga wuta ba. Jiya maigida ya dawo, ba komai a tarun sai laka da kwaɗi. Na ce mu ƙone shi, ya ce, "In mun ƙone namu, na maƙwabta fa?"

Don Allah a tambayar mini malamai, alhakin halittun nan yana wuyana ne? Ina ta istigfari, amma tafkin shiru. Ina gaida ƴan'uwana masu banda, waɗanda su ma murhunsu ya huce.