Ba Basir Ba Ne

A tashar Argungu da ke Birnin Kebbi, dattawa biyu da ba su san juna ba suna jiran mota ta cika.

"Malam, wanga matashi da ka aza bisa kujera fa? Basir ne?"

"Haka na zata, na sha sassaƙe har na gaji. Ashe ƙari ne mai ruwa, can ciki bayan dubura. Sai da likita ya sa aka yi hoto."

"Subhanallahi! Daji?"

"A'a. Sun cire, sun auna, ba daji ba ne. Ɗinki kawai nake lallaɓawa."

"Ashe ana tashi! Wace rana likitan ke zama? Ƙanena nake tambayar wa."

"Talata. Ka ce ma ƙanen naka ya zo da wuri, Alhaji. Tun ɗazu nake kallon shi zaune bisa cinya ɗaya."