Tattabarun da Ba Su Dawo Ba

A tashar motar Hermanus, Nomvuyo ta matsa wa wani dattijo ya zauna. Kwandon tattabaru ne a hannunsa, wayam.

"Baba, ina tsuntsayen?"

"Guba aka ba su, 'yata. Ranar Asabar aka sake su tsere, ko ɗaya ba ta dawo ba."

Nomvuyo ta juyo ta dube shi.

"Asabar? Baba, anya guba ce? Sa wa rana ido ne aikina. A cibiyar binciken samaniya da nake aiki, muna da na'ura a sararin samaniya mai hango hasken da ido ba ya gani. Ranar Alhamis rana ta yi aman wuta, guguwarta ta iso Asabar. Takan ɓatar da tattabaru."

"Rana? Wannan ta sama?"

"Ita fa."

"Tun Alhamis kuka gani? Wa kuka gaya wa?"

"Masu jirage, da masu wutar lantarki."

"Mu fa?"

"Gaskiya, Baba, ba mu tuna da ku ba."

Dattijon ya ajiye kwandon.

"Ƙanena ne ya ba su ruwan ƙarshe. Jiya a ƙofar coci na kira shi mugu, na kore shi daga gidana. Yanzu in je in ce masa me? Rana ce?"